Wannan ɗan waƙafin sama na Turanci: yadda ake faɗin "na wane ne" ba tare da an kwafsa ba

Na daɗe ina koyar da lesin Turanci da yamma ga yara masu shirin WAEC da NECO, kuma in aka ce in zaɓi abu ɗaya da yake cinye musu maki a banza a wofi, toh wannan ɗan ɗigon mai jela ne da ake ratayawa a saman layi, wanda Turawa ke kira afostirofi, mu kuma a aji muke ce masa waƙafin sama. Yaro ya iya karatu, ya iya magana daidai gwargwado, amma da an zo rubuta "motar babana" ko "littattafan ɗalibai" sai hannu ya fara rawa, wani ya sa alamar kafin s, wani bayan s, wani ya watsa ta duk inda ya ga s kamar mai barbaɗa gishiri, wani kuma ya ce shi ba ruwansa ya bar ta gaba ɗaya. Kuma ba yara kaɗai ba wallahi, ka duba allunan shaguna da katin ɗaurin aure da takardun neman aiki ka gani. Abin na damuna sosai sabida ba wuya ce da shi ba, hanyar da ake koyar da shi ce ke rikita mutane, ana fara wa yaro da "sa kafin s, sa bayan s" alhali ba a fara nuna masa me ake nufi ba.

Mu fara daga gida, dan duk wanda ya iya Hausa ya riga ya iya rabin darasin nan. Mu in za mu ce abu na wani ne sai mu fara kawo abin, mu liƙa masa n in namiji ne ko jam'i, ko r in mace ce mai ƙarewa da a, sannan mu kawo mai shi. Gidan Audu, motar Audu, kujerun Audu. Kaga alamar tana jikin abin da aka mallaka, mai abu kuma yana zuwa a baya ba a taɓa shi ba. Bature sai ya juya al'amarin baki ɗaya, shi mai abu yake fara kawowa, kuma a jikin mai abun yake liƙa alamar, wato waƙafin sama da s, sannan abin ya biyo baya ba a taɓa shi ba. Audu's house, Audu's car, Audu's chairs. Babu ruwansa da namiji ko mace, babu ruwansa da guda ɗaya ne ko ɗari ne abin da aka mallaka, duk 's ɗin nan ce. In ka riƙe wannan juyin kawai, ko doguwar sarƙa aka ba ka za ka warware ta, misali "motar abokin babana", karanto ta daga ƙarshe zuwa farko: babana, aboki, mota, shi ne my father's friend's car. "Ɗakin matar yayan Binta" ya zama Binta's brother's wife's room. Ina sa yara su yi ta wannan juyin da baki kafin ma su taɓa biro, kuma cikin kwana biyu kunnensu ke kamawa.

Toh inda gizo ke saƙar shi ne jam'i. Turanci da s yake yin yawancin jam'insa, boy ya zama boys, kuma da s yake yin mallaka, boy's, sannan in samari da yawa ne suka mallaki abu sai a rubuta boys'. Kalmomi uku kenan da in aka furta su duk sauti ɗaya kake ji, babu wani bambanci ko kaɗan a kunne, bambancin a takarda yake. Shi ya sa wanda ya koyi Turanci ta kunne yake shan wahala a nan. Dabarar da nake bayarwa guda ɗaya ce kuma ban taɓa ganin ta ci amanar kowa ba: ka tambayi kanka "na wa?", ka rubuta amsar cikakkiya tukun kamar babu zancen mallaka, sai ka dubi harafin ƙarshe. Ɗakin na wa ne? Na malami ɗaya, the teacher, babu s a ƙarshe, sai ka ƙara waƙafi da s, the teacher's room. Na malamai ne, the teachers, s ta riga ta zauna a wurin ta jam'i, toh waƙafin kawai za ka rataya a bayanta, the teachers' room. Shikenan fa. Kar ka fara tunanin inda alama za ta shiga a tsakiyar kalma, ba cusa ta ake yi ba, a ƙarshen sunan mai abu take zama ko da yaushe. In kana son gwada kanka ka sa yatsa ka rufe waƙafin da duk abin da ke bayansa, abin da ya rage shi ne mai abu. In ka rufe ka ga ladie ko babie ya rage daga ladie's ko babie's, ka san an kwafsa dan babu kalma irin wannan, daidai shi ne lady's in mace ɗaya ce, ladies' in suna da yawa.

Wannan dabarar ita ce kuma take warware jam'in da ba ya ƙarewa da s, irin su children, men, women, people. Na wa? Na children. Akwai s a ƙarshe? Babu. Toh children's, men's, women's, people's. Ranar Yara da ake yi 27 ga Mayu a Najeriya Children's Day ce, amma ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu Workers' Day ce, ta malamai ta 5 ga Oktoba kuma Teachers' Day, kaga dalilin da ya sa waƙafin ya canza wuri, ba son rai ba ne. Haka makarantun 'yan mata na gwamnati da muke da su ko'ina a arewa, Government Girls' Secondary School ya kamata a rubuta, sabida ta 'yan mata ce da yawa. Akwai wata da nake wucewa ta gabanta an rubuta Girl's da babban fenti a bakin get, wato makarantar yarinya ɗaya tal kenan, kuma ɗaruruwan yara ne ke shiga ta ƙarƙashin allon kullum safiya suna ɗauka haka ne daidai, wannan yana min ciwo fiye da kuskuren mai shago. Wani misali da nake so, a Ingila jami'ar Oxford na da kwaleji mai suna Queen's College, ita kuma Cambridge nata Queens' College ne, dalili kuwa ta Cambridge sarauniyoyi biyu ake dangantawa da kafa ta, Margaret ta Anjou a 1448 sannan Elizabeth Woodville a 1465. Ɗan gusawar alama ɗaya ya ba ka labarin tarihi. Namu na Legas kuwa King's College ne da Queen's College, sarki ɗaya sarauniya ɗaya.

Kila ka ce wai ma daga ina wannan abin ya samo asali, me ya haɗa waƙafi da mallaka? Tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, yana canza ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, kamar yadda wanda ya yi karatun Larabci ya san i'irabi. Da yawan sunaye maza in za a yi mallaka es ake ƙara musu, sarki cyning ne, "na sarki" kuma cyninges, dutse stan, "na dutse" stanes. Sauran sunaye suna da nasu ƙarshen daban, amma a hankali es ta mamaye duka. Har yau ɓurɓushin yana nan a sunayen ranaku, s ɗin da ke cikin Tuesday da Wednesday da Thursday ta mallaka ce, ranar Tiw, ranar Woden, ranar Thunor, sunayen abubuwan bautarsu na jahiliyya kenan, su kuwa Sunday da Monday da Friday ba su da ita sabida sunayen da ke cikinsu ba da es suke yin mallaka ba. Da tafiya ta yi tafiya sai aka daina furta wasalin e ɗin, ita kuma alamar waƙafin sama ta shigo musu daga Faransanci a ƙarni na 16, wani mai buga littattafai Geoffroy Tory shi ya yaɗa ta a Faransa a 1529, aikinta kuma nuna inda aka cire harafi. Sai Turawan Ingila suka riƙa sa ta a gurbin e da ta ɓace. Bai zama doka rana ɗaya ba, sai wajen ƙarni na 18 mallakar tilo ta daidaita, ta jam'i kuwa mai waƙafi a bayan s sai a ƙarni na 19 ta zauna sosai. Akwai ma lokacin da wasu marubutansu suka ɗauka s ɗin gajarcewar his ce, suna rubuta irin su the king his crown, abin da ya yi kama da Burokan Najeriya inda ake cewa Audu im moto. Amma ba daga nan ta fito ba, dan in haka ne da ba za a ce Mary's ba.

Tunda asalinta alamar cire harafi ce, shi ya sa har yanzu 's take aiki biyu, kuma dole ka iya bambancewa. Musa's shop mallaka ce, shagon Musa. Musa's sleeping kuwa Musa is sleeping ne aka gajarce, Musa's gone kuma Musa has gone. Gwaji mai sauƙi, ka buɗe ta ka sa is ko has, in jimlar ta tsaya toh gajarcewa ce, in ta zama shirme toh mallaka ce. Wannan gwajin ne zai cece ka a rami mafi zurfi a duk darasin nan, wato its da it's. Wakilan suna na mallaka ba sa ɗaukar waƙafi ko kaɗan: his, hers, ours, yours, theirs, its, whose. Su ne kamar doguwar mallaka da gajeriyar mallaka a nahawun Hausa, nawa naka nasa, gidana gidanka gidansa, mallakar a cikin jikinsu take ba sai an ƙara musu komai ba. The goat broke its leg, akuya ta karya ƙafarta, babu waƙafi. It's raining kuwa it is ne. Haka whose da who's, na farko "na wa", na biyu who is. Na san hankali zai ce tunda goat's na da waƙafi ai it's ma ya kamata ya samu, kuma ba kai ka fara wannan tunanin ba, Thomas Jefferson shugaban Amurka na uku haka yake rubuta it's na mallaka a wasiƙunsa, a zamaninsa ba laifi ba ne. Amma yau mai duba takardarka zai zagaye shi da jan biro. A kula da waya ma, kibod ɗin da ke gyara rubutu da kansa yana yawan mayar da its zuwa it's ba tare da ka lura ba, kafin ka tura saƙon neman aiki ka sake bi.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye, sunaye masu ƙarewa da s, kuma muna da su birjik: Idris, Yunus, Ilyas, Abbas, Anas, Bilkis. Littafin Idris Idris's book ne ko Idris' book? Gaskiyar magana duka biyun ana yi kuma su kansu masu harshen ba su daidaita ba. Kamfanin dillancin labarai na AP waƙafi kawai yake sa wa irin wannan sunan, jaridar New York Times kuma tana ƙara s, har a 2024 lokacin takarar Kamala Harris aka yi ta cece-kuce a Amurka kan Harris' ne ko Harris's. Masu kallon ƙwallo ku duba, filin Newcastle St James' Park ne, lambun shaƙatawa na Landan kuma St James's Park, filin Exeter City kuma St James Park babu komai, suna ɗaya rubutu uku. Ni dai abin da nake koyarwa shi ne ka bi bakinka, tunda in za ka faɗa "Idrisiz buk" kake cewa, ana jin ƙarin gaɓar, toh rubuta Idris's, ya fi bin doka ta asali kuma babu mai cewa kuskure ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne Idri's ko Abba's in Abbas kake nufi, sabida ka rufe da yatsa ka gani, ka mayar da kayan Abbas na Abba, kuma a wurinmu mutane biyu ne daban. Sannan duk wanda ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshen rubutun.

Tunda an taɓo baki, furucin ma kala uku ne. Bayan sauti irin p, t, k, f ana jin s zalla, kamar cat's. Bayan wasali ko sauti mai amo irin b, d, g, m, n, l z ake ji, Musa's ana furta shi "Musaz", Bello's "Belloz". Bayan sauti mai huci irin s, z, sh, ch, j sai a ƙara gaɓa "iz", judge's, boss's. Mu Hausawa kalmominmu galibi da wasali suke ƙarewa, harshenmu bai saba da cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, shi ya sa student's ko guest's ke yi mana nauyi sai mu haɗiye s ɗin, ga kuma Buroka da ke cewa my papa house babu komai a tsakani. Abin da baki ya haɗiye kuwa hannu ba ya rubutawa, daga nan ake samun my father house da my sister wedding a takardar jarabawa. Maganinsa karatu da ƙarfi, ka ja s ɗin har ka ji ta.

Sai kuma kishiyar wannan, wadda ni a ganina ita ce ta fi muhimmanci ga Bahaushe kuma littattafan da aka rubuta dan Turawa ba za su taɓa gaya maka ba tunda ba matsalarsu ba ce. N da r ɗinmu sun fi 's ɗinsu faɗin aiki nesa ba kusa ba. Mu da su muke cewa gidan Audu, da su muke cewa buhun shinkafa, zoben zinare, malamin Turanci, kofin shayi, farin doki, tashar mota, duk mahaɗi ɗaya. Yaro in ya gano cewa n ita ce 's sai ya ɗauka ko'ina haka ne, ya rubuta rice's bag, gold's ring, English's teacher. Ba haka ba ne. Shinkafa ba ta mallaki buhu ba, a cikinsa take, a bag of rice kenan. Zinare ba shi ke da zobe ba, da shi aka ƙera, a gold ring. Malamin Turanci English teacher, tashar mota motor park, sunan farko kawai yana fayyace irin na biyu ne babu wata alama. Har kofin shayi kashi biyu ne a wurinsu, a cup of tea in shayin ke ciki, a teacup in kofin kake nufi ko babu komai a ciki. Dan haka kafin ka sa 's ka tambaya, shin na farkon nan wani ne da za a ce abin nasa ne ko ya dangance shi? Mutane da dabbobi da ƙungiyoyi da ƙasashe da garuruwa suna karɓar 's cikin sauƙi: the driver's seat, the cow's tail, the government's plan, Nigeria's population, Kano's markets. Abubuwa marasa rai sun fi son of ko a jera su kawai, the roof of the house, the end of the road, the car door. Ba haramun ba ne a ce the car's engine, ana faɗa sosai, amma the road's end ko the table's top in ka cika yinsu Turancinka zai riƙa jin wani iri.

Lokaci kuwa yana karɓar 's duk da ba rai gare shi ba, kuma a nan Hausa da Turanci sun yi kunnen doki: jaridar yau today's paper, aikin yini ɗaya a day's work, hutun sati biyu two weeks' leave, albashin wata uku three months' salary. Dabarar "na wa" tana aiki nan ma, sati ɗaya week's, sati biyu weeks'. Masu rubuta takardar neman hutu ko CV a riƙe wannan, five years' experience ne. Haka digiri, bachelor's degree da master's degree duk da waƙafi kafin s.

Wani abin mamaki game da 's shi ne ba lallai jikin kalma ɗaya take kamawa ba, ƙarshen duk rukunin da ke nuna mai abu take zuwa ta zauna. Fadar Sarkin Kano the Emir of Kano's palace ce, kaga 's tana jikin Kano amma fadar ta Sarki ce, ba a cewa the Emir's of Kano palace. Gidan surukata my mother-in-law's house, alhali jam'in kalmar mothers-in-law ne, s ta jam'i a ciki, ta mallaka a ƙarshe. Someone else's phone, wayar wani. In rukunin ya yi tsawo da yawa gara ka koma of, the palace of the Emir of Kano, ya fi daɗin ji a rubutu na hukuma. Daga nan ne dokar tarayya ta fito: in Audu da Bala shago ɗaya suka haɗa, Audu and Bala's shop, alama ɗaya a ƙarshe ta wadatar tunda su biyun rukuni ɗaya ne. In kowa da nasa, Audu's and Bala's shops. A takardar yarjejeniya ko ta gado wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

A kula kuma da the. Mai abu da 's ɗinsa ya riga ya cike gurbin the, dan haka ba a cewa the Musa's car ko the my father's farm, Musa's car kawai. The ɗin da kake gani a the boy's book na boy ne ba na book ba. Toh in kana son cewa "wani abokin babana", ɗaya daga cikin abokansa da yawa, sai ka haɗa of da 's, a friend of my father's, kamar yadda ake cewa a friend of mine. Yana kama da maimaici amma daidai ne kuma yana da amfani, dubi "hoton Musa" a Hausa, yana iya zama hoton da Musa ke ciki ko hoton da Musa ya mallaka, sai yanayin magana ya nuna. Turanci ya raba: a picture of Musa fuskarsa ce a ciki, a picture of Musa's nasa ne ko da dawaki aka ɗauka. Ana kuma iya barin abin da aka mallaka in an san shi, this bag is Binta's, jakar nan ta Binta ce, ko at the barber's, wurin mai aski, at my uncle's, gidan kawuna. Sunan gidan abincin nan na Amurka McDonald's ma daga irin wannan ne.

Za ka ci karo da sunayen da suka karya duk abin da na faɗa, kar hankalinka ya tashi. Sunan PDP a hukumance Peoples Democratic Party ne babu waƙafi, ƙungiyar ƙwallo ta Queens Park Rangers ma haka. Hukumar sanya wa wurare suna ta Amurka tun 1890 take cire waƙafin mallaka daga sunayen wurare, guda biyar kacal ta ƙyale, ciki har da Martha's Vineyard. Majalisar birnin Birmingham ta yanke a 2009 ta daina sa shi a allunan tituna, kantin littattafai na Waterstones ya cire nasa a 2012, har wani tsohon ɗan jarida John Richards ya kafa ƙungiyar kare waƙafin a 2001 dan takaicin irin haka. Suna na mai shi ne, yadda ya rubuta haka za ka kwafa. Amma wannan ba lasisi ba ne gare ka a cikin jimla, mai makin WAEC ba ruwansa da abin da Birmingham ta yanke.

Kuskuren da ya fi yawa a titi kuwa shi ne sa waƙafi a jam'i zalla, Turawan Ingila ma suna da sunan da suke kiransa da shi, waƙafin mai kayan lambu, sabida a allon masu sayar da kayan marmari aka fi ganin apple's da banana's. Namu shi ne phone's and accessories, shoe's for sale, we sell recharge card's. Babu wanda ya mallaki komai a nan, yawa kawai ake nufi, phones, shoes, cards. Haka shekaru, the 1990s. Haka katin biki, in za a ce iyalan Bello gaba ɗaya the Bellos ne ko the Bello family, gidansu kuma the Bellos' house, amma the Bello's family da ake bugawa a ɗaruruwan kati kuskure ne, kuma da an buga an buga, kuɗi sun tafi. In za ka kai aiki wurin masu firintin ka nemi su nuna maka a kwamfuta tukun.

Ina zargin wani ɓangare na ruɗewarmu daga rubutun Hausa na boko ya taso, dan mu wannan alamar a wurinmu harafi ce mai sauti, ita ce hamzar da ke cikin sa'a da jama'a da ma'ana, ita ce ke cikin 'ya'ya wanda a Nijar ake rubutawa da ƴ. Idonmu ya saba ganinta a tsakiyar kalma tana gaya wa maƙogwaro ya tsaya. A Turanci kuwa ba ta da sauti ko ɗis, ga ido kawai take magana. Shi ya sa sunayenmu masu hamza in sun shiga mallakar Turanci alama biyu suke ɗauka kuma haka ne daidai, kar ka ji tsoro ka goge ɗaya: Asma'u's book, Sa'adu's shop, Yar'Adua's government. Ta farkon tamu ce, tana cikin sunan tun ranar suna, ana furta ta. Ta biyun tasu ce, kai ne ka ƙara ta bayan ka tambayi kanka na wa, kuma z ɗin da ke bayanta kawai za a ji.